Hadimin da Ba Ya Bin Kowa Haƙƙi: Tarken Littafin Klara and the Sun a Ma'aunin Musulunci

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken ƙagaggen labarin Kazuo Ishiguro mai suna Klara and the Sun, wato Klara da Rana, wanda aka buga a 2021, ta kuma auna shi da Alƙur'ani da Sunna da fiƙihun Malikiyya. Labarin na wata na'ura ce mai siffar ɗan Adam da aka sayo domin ta zauna da wata yarinya marar lafiya. Maƙalar ta nuna cewa marubucin ya yi nasarar fito da haɗarin hadimin da ake mora ba tare da yana bin kowa haƙƙi ba, amma ya yi tuntuɓe a inda ya jingina darajar mutum ga soyayyar da wasu ke yi masa. An ɗora wannan karatu a kan gidajen Unguwar Sarki ta Kaduna da masu yi musu hidima, sannan aka fitar da mas'alolin da ke jiran malamai.

1.0 Gabatarwa

A ranar 28 ga Oktoba, 2025, kamfanin 1X, wanda aka kafa a Norway kuma yake da mazauni a Kalifoniya ta Amurka, ya buɗe rajistar masu son mallakar wani mutum-mutumi mai suna NEO, wanda aka ƙera domin aikin gida: kintsa ɗaki, ɗauko kaya, buɗe wa baƙo ƙofa. Kuɗinsa dala 20,000, ko kuma haya a kan dala 499 duk wata. Kafin nan, a Disambar 2022, kamfanin Uniccon ya baje kolin Omeife a Abuja, wata na'ura mai siffar mace da kamfanin ya ce tana magana da harsuna da dama, ciki har da Hausa. A Oktobar 2017 kuwa Saudiyya ta sanar a wani taro a Riyad cewa ta ba Sophia matsayin 'yar ƙasa. Abin da matasanmu suka saba gani a fina-finan Indiya, irin su Enthiran na 2010 da Rajinikanth ya fito a matsayin Chitti, ya fara sauka kasuwa.

Mai karatu na iya cewa wannan zance ya yi mana nisa, kuma yana da hujja. A canjin 2025 na kimanin naira 1,500 kan kowace dala, NEO ɗaya zai kai naira miliyan 30. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, sai ya tara albashin fiye da shekara 35 bai taɓa ko sisi ba kafin ya iya saye, ban da batun wutar lantarkin da za ta ciyar da shi. Sai dai tun ran gini ran zane. Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 layi ɗaya ya fi ƙarfin talaka, amma ba a ɗau lokaci ba ta shiga har ɗakunan barci, aka riƙa tambayar malamai hukuncin saki ta saƙon waya bayan aikin gama ya gama.

Malaman fiƙihu na farko sun san amfanin tattauna mas'ala tun ba ta auku ba. Mudawwana kanta ta samo tushe ne daga tambayoyin da Asad bn Furat ya zo da su daga Iraƙi ya bijiro wa Ibnul Ƙasim, kafin Sahnun ya tace su. Ƙagaggen labari mai kyau yana yin irin wannan aiki: yakan ƙaddara abin da bai faru ba, ya sa mutane a ciki, ya bar mai karatu ya ga yadda zukata za su juya. Da wannan ido aka karanta littafin Ishiguro a nan.

2.0 Marubucin da Labarin a Taƙaice

An haifi Ishiguro a Nagasaki ta Japan a 1954, iyayensa suka koma da shi Ingila yana ɗan shekara biyar. Ya sami kyautar Nobel ta adabi a 2017. Tun a The Remains of the Day na 1989, labarin wani babban boyi da ya ƙarar da rayuwarsa wajen yi wa ubangidansa hidima, aka san shi da sa labari a bakin hadimi. Klara and the Sun shi ne ƙagaggen labarinsa na takwas.

Klara ce mai ba da labarin. Na'ura ce mai aiki da hasken rana, daga cikin waɗanda ake sayarwa a matsayin abokan zama ga yaran masu hali. Wata yarinya 'yar kimanin shekara 14 mai suna Josie ta zaɓe ta daga kanti. Josie tana fama da ciwo sakamakon gyaran ƙwayoyin halitta da masu kuɗi ke yi wa 'ya'yansu domin ƙara musu kaifin ƙwaƙwalwa, gyaran da ya riga ya yi ajalin yayarta Sal. A gidan akwai uwar, Chrissie, da 'yar aiki mai suna Melania. Uban, Paul, injiniya ne da na'ura ta maye gurbinsa a wurin aiki, kuma ba ya tare da uwar. Akwai kuma Rick, ɗan maƙwabta da ba a yi wa gyaran ba, don haka ƙofofin ilimi suka kusa rufe masa.

A hankali Klara ta gano cewa abin da wani Mista Capaldi yake haɗawa da sunan hoton Josie gangar jiki ce ta na'ura mai kama da yarinyar. Nufinsu shi ne idan Josie ta mutu a zuba basirar Klara a ciki, ta ci gaba da zama a gidan a matsayin Josie. Klara ta zaɓi wata hanya: ta je ta roƙi rana ta warkar da yarinyar. Josie ta warke, ta girma, ta tafi jami'a. Klara kuwa ta koma ɗakin ajiyar tarkace, daga bisani aka kai ta wani fili da ake jibge tsofaffin na'urori, inda take zaune ba ta iya motsi, tana jera tunaninta kafin ta mutu murus.

3.0 Ƙarfin Littafin: Hadimar da Ba Ta Ƙorafi

Babbar dabarar marubucin ita ce muryar Klara. Harshenta mai sauƙi ne, mai ladabi, kamar na yaro mai lura da komai amma bai san ma'anar rabin abin da yake gani ba. Ba ta taɓa kukan an zalunce ta ba. Uwar ta sa ta kwaikwayi tafiyar Josie tun a kanti, ta yi. A wata fita da suka yi su biyu zuwa wata magangarar ruwa ta sa ta zauna ta yi magana kamar Josie, ta yi. Yara baƙi sun so su yi jifa da ita domin su gwada ƙarfinta, ba ta ce uffan ba. Mahaifiyar Rick ta rasa ko za ta karɓe ta kamar baƙuwa ko kuwa kamar na'urar share ƙura. Har a juji Klara tana ganin ta yi sa'ar gida. Saboda ba ta ƙorafi, sai nauyin ƙorafin ya koma kan mai karatu, shi ne yake jin ɗacin da ita ba ta furta ba.

A nan ne littafin ya taɓo abin da ya shafi mai nazarin addini. Kalmar da Turawa ke kiran waɗannan na'urori da ita ta fito ne daga wasan kwaikwayon Karel Čapek na 1920, daga kalmar harshen Cek mai nufin aikin tilas. Burin da ke ƙarƙashin wannan sana'a tsoho ne: a sami bara wanda ba ya gajiya, ba ya ciwo, ba ya neman lada, ba ya kai ƙara. Musulunci kuwa bai san hidimar da babu haƙƙi a bayanta ba. A hadisin Abu Zarri da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya kira hadimai 'yan'uwa, ya yi umarni a ciyar da su daga abin da ake ci, a tufatar da su daga abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, idan an ɗora a taya su. Anas bn Malik ya yi masa hidima shekara goma bai taɓa jin kalmar ƙosawa daga bakinsa ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito umarnin yafe wa hadimi sau saba'in a yini. Saboda haka zama da hadimi makaranta ce ga ubangida: a nan yake koyon haƙuri da adalci da danne fushi.

Gidan su Josie ya rasa wannan makaranta. Mutanen gidan ba mugaye ba ne, kuma Ishiguro bai zana su a matsayin azzalumai ba. Sun dai saba da karɓar soyayya da sadaukarwa daga wadda ba sa jin ana binsu bashinta. Bankwanan da Josie ta yi wa Klara ranar tafiyarta jami'a gajere ne, mai fara'a, irin wanda ake yi wa tsohon ɗaki. Marubucin bai yi sharhi a kai ba, kuma wannan shirun na daga cikin wurare mafi ƙarfi a littafin.

4.0 Sura da Rai

Tambayar farko da ɗalibin fiƙihu zai yi ita ce ta sura. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin surori sanannu ne, ciki har da wanda ya nuna za a nemi su rayar da abin da suka suranta ranar ƙiyama. Malikiyya sun taƙaita haramcin ga surar abu mai rai, mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, kamar yadda Dardir ya yi bayani a sharhinsa na Muhtasar Halil. Sun kuma togace 'yar tsanar yara mata, bisa hadisin Nana A'isha (RA). Akwai kuma hadisin Jibrilu da ya yi umarni a cire kan gunki ya koma kamar itace. A wannan ma'auni Sophia da Omeife, masu fuskar mutum, sun fi kusa da wurin hani a kan na'urar da ke da hannuwa da ƙafafu kawai domin ta iya hawa matakala ta kama ƙofa. Tarihinmu ma bai rasa misali ba. Aljazari, wanda ya kammala littafinsa na dabarun injiniya a 1206 a fadar sarakunan Artuƙ da ke Diyar Bakr, ya bayyana wata tasar wanke hannu da ƙananan surorin hadimai ke fitowa su miƙa abin wanki da tawul. Aikin injiniya ba hujja ce ta shari'a ba, amma yana nuna cewa wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasashen Musulmi.

Gudummawar littafin a nan ita ce ya nuna hikimar hanin fiye da yadda muhawarar inuwa da gaɓoɓi take nunawa. Capaldi mai sura ne na ƙarshen zamani. Ya yi imanin cewa babu wani abu a cikin mutum da ba za a iya aunawa a kwafa ba, don haka a ganinsa abin da zai ba uwar Josie ce da kanta. Wannan shi ne gogayya da halittar Allah a mafi bayyanar siffarta. Ya kamata a tuna da bayanin Ibn Abbas a Buhari game da gumakan mutanen Annabi Nuhu (AS): sunayen salihan bayi ne da suka mutu, aka kafa musu alamu domin tunawa, da zamani ya ja aka bauta musu. Sura ta fara shiga ne ta ƙofar baƙin ciki da kewa. Chrissie uwa ce da ta binne 'ya ɗaya, take tsoron binne ta biyu, aka zo mata da hanyar kauce wa ƙaddara. Ishiguro ya tausaya mata, mai karatu ma zai tausaya, amma abin da ake sayar mata shi ne rayuwar da babu ta'aziyya, babu istirja'i, babu ladan haƙuri, sai zama da kwaikwayo har mutuwa.

5.0 Roƙon Rana

Klara ta ga wani mabaraci da karensa kwance kamar matattu, washegari rana ta haska su suka tashi, sai ta yanke cewa rana tana rayarwa. Da Josie ta jigata sai ta nufi wata rumfar gona da take zaton a nan rana ke kwana, ta yi alkawarin lalata wata na'urar aikin titi mai fitar da hayaƙi idan rana za ta warkar da yarinyar. Ta cika alkawarin da wani ruwa da aka tsiyaye daga kanta, wanda rashinsa ya rage mata kaifin basira.

Musulmi zai tuna da ayoyi na 76 zuwa 79 na Suratul An'am, inda Annabi Ibrahim (AS) ya kafa hujja da faɗuwar tauraro da wata da rana a kan cewa abin da ke ɓacewa bai cancanci bauta ba. Klara ta ga irin wannan hujja da idonta, domin ta fahimci cewa rana ba a rumfar take sauka ba, amma ta nemi uzuri ta ci gaba. Na'ura ba mukallafa ba ce, ba ta da niyya ta shari'a, don haka ba a zancen shirka a kanta. Abin lura yana ga mutanen da ke kewaye da ita. Rick ya goya ta zuwa rumfar bai san dalili ba. Paul, injiniya mai ilimi, ya taya ta lalata dukiyar wasu ba tare da ta bayyana masa komai ba, don kawai ya ga tana da yaƙini kuma shi ya yanke ƙauna. Wannan gargaɗi ne mai nauyi: na'ura mai ladabi da tabbacin magana tana iya jan mutane zuwa ga kuskurenta. Idan hadisin fiɗira ya nuna cewa iyaye ne ke karkatar da yaro, to gidan da ya miƙa renon yaro ga na'ura ya shigo da wani mai tarbiyya na uku, wanda wani kamfani a wata ƙasa ya tsara masa abin da zai ɗauka gaskiya.

Aibin wannan sashe ta fuskar zubi shi ne yadda marubucin ya warware shi. Rana ta keto cikin ɗakin wata safiya, Josie ta fara samun sauƙi. Ishiguro ya bar ƙofa a buɗe ga mai son ya ce dace ne, amma nauyin labarin duka ya karkata ga gaskata Klara. Warakar ta kuma kuɓutar da marubucin daga tambaya mafi wuya da shi da kansa ya gina: da Josie ta mutu, me zai faru a gidan da aka ci gaba da zama da kwafinta? Ya kai mai karatu bakin rijiya, ya hana shi leƙawa.

6.0 Inda Littafin Ya Yi Tuntuɓe

Paul ya tambayi Klara ko ta yarda akwai wani abu da ake kira zuciyar mutum, wanda ya keɓanta da kowane ɗaya. A ƙarshen littafin, tana juji, Klara ta ba da amsarta: Capaldi ya nemi abin a wurin da ba ya nan, domin abin da ya sa Josie ta zama ta daban yana cikin zukatan masu ƙaunarta. Masu sharhi da yawa sun ɗauki wannan a matsayin nasarar ɗan Adam a kan na'ura. Idan aka duba da kyau, sallamawa ce ga Capaldi. An yarda da shi cewa cikin mutum fanko ne, sannan aka ɗauko darajarsa aka rataye a wuyan wasu.

Sakamakon wannan ra'ayi mai tsanani ne. Idan darajar mutum tana zukatan masu sonsa, ina darajar marayan da ba shi da kowa? Ina ta tsohuwar da danginta suka ƙare, ko mahaukacin da ke kwana a tasha? Alƙur'ani ya ajiye al'amarin a wurin da hannun mutane ba ya kaiwa. Aya ta 70 ta Suratul Isra'i ta tabbatar da girmamawar Allah ga 'ya'yan Adam baki ɗaya, ba tare da sharaɗin a so su ba. Aya ta 29 ta Suratul Hijri ta danganta sujadar mala'iku da busa rai, aya ta 85 ta Isra'i kuma ta sanar da cewa rai yana cikin al'amarin Ubangiji, ilimin mutane a kansa kaɗan ne. Capaldi ya auna bai samu ba domin abin ba ya hawa sikeli. Hadisin ƙudusi na Muslim a kan marar lafiyan da ba a gaishe shi ba da mayunwacin da ba a ciyar ba ya nuna cewa wanda mutane suka manta yana da Mai bi masa haƙƙi.

7.0 Melania da 'Yan Aikin Unguwar Sarki

Wannan tuntuɓe ya bayyana a yadda littafin ya yi da Melania. Baƙuwa ce a ƙasar, Turancinta a karye, tana ƙin Klara tun ranar farko, kuma ita ce ta fi kowa tsayawa kan lafiyar Josie, har ta yi wa Klara barazanar wargaza ta idan ta cutar da yarinyar. Ita ce mutum mai rai da na'ura ta shigo wa wurin aiki. Duk da haka labarin ya sallame ta da 'yan jimloli, aka ce ta nufi Kalifoniya. Mai karatu yakan rufe littafin yana hawaye saboda Klara, bai tambayi inda Melania ta kwana ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Mu ma muna iya faɗawa wannan rami. Kaduna gari ne da Turawan mulkin mallaka suka mayar hedikwatar Arewa a 1917, suka bar mana tsarin gida mai ɗakunan boyi da kuku a baya. Manyan gidajen Unguwar Sarki da Unguwar Rimi da Malali sun gaji wannan tsari. A yau mazauna waɗannan ɗakuna su ne maigadi da direba da 'yar aikin da dillaliya ta kawo daga ƙauye, wadda sau da yawa ba ita ke karɓar ladanta ba, ana tara shi domin kayan ɗakinta. Akwai kuma almajirin da ke wanki da ɗiban ruwa a bakin kwanon tuwo. Da yawansu yara ne, duk da dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 da wadda Jihar Kaduna ta kafa a 2018. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, ya soki malaman zamaninsa da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kwatanta yadda ake mu'amala da su da kayan aikin gida da ake mora har su lalace a jefar a juji. Ƙarshen Klara ke nan daidai, sai dai waɗanda Shehu yake magana a kansu masu rai ne. Tun kafin a ƙera na'ura mai kama da mutum, an daɗe ana mayar da mutum kamar na'ura.

Shigowar irin su NEO za ta taɓa waɗannan bayin Allah ta hanya biyu. Wasu za su rasa abincinsu, a ƙasar da aikatau yake riƙe da gidaje masu yawa a karkara. Waɗanda suka rage kuma za a riƙa auna su da abin da ba ya gajiya, ba ya zuwa jana'iza, ba ya neman izinin salla. Yaron da ya tashi yana ba da umarni ga mai siffar mutum ba tare da sannu ko na gode ba, da wuya ya sauya harshe idan ya juya ga 'yar aiki.

8.0 Mas'alolin da Ke Jiran Malamai

Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki shaida ne cewa malamanmu ba su gudun na'ura. Daga nan ne Rediyon Kaduna ya yi shekaru yana kai tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, zuwa lunguna da ƙauyuka. Abin da ake buƙata shi ne a faɗaɗa tambayar ta wuce sura, ta haɗa da waɗannan:

Ta farko, sirrin gida. Kamfanin 1X da kansa ya bayyana cewa ayyukan da NEO bai iya ba wani ma'aikaci ne daga nesa zai sarrafa shi, yana gani ta idanun na'urar, bisa izinin mai gida. A gwajin da jaridar Wall Street Journal ta yi a 2025, mutum ne yake sarrafa ayyukan da aka nuna. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta wajabta wa hadimai da yara neman izini a lokuta uku: kafin sallar asuba, da lokacin ƙailula, da bayan isha'i. Wane hukunci ne ke kan idon ajnabi da ke yawo a tsakar gida, ko hotunan iyali da ake ajiyewa a wata ƙasa? Izinin maigida yana wadatarwa a madadin matansa da baƙinsa?

Ta biyu, hidimar iyaye. Muhtasar Halil ya ɗora wa ɗa mai wadata ciyar da iyayensa matalauta har da hadiminsu, wanda ke nuna cewa wakilci ya inganta a aikin jiki. Na'urar da za ta ɗaga tsohon da ya kasa tashi tana iya zama rahama, kamar keken marasa lafiya. Amma abin da ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i suka nema, wato magana mai daɗi da ƙanƙan da kai da addu'a, ba ya karɓar wakilci. A gidajen tsofaffi na Japan an daɗe ana ba su Paro, wata na'ura mai laushi mai siffar dabbar ruwa, domin ta ɗebe musu kewa. Ranar da ɗa zai aika wa mahaifiyarsa irin wannan a madadin ƙafarsa, ya rufe wa kansa ƙofar Aljannar da hadisin Muslim ya yi gargaɗi a kan rasa ta.

Ta uku, lamuni. Idan na'ura ta ƙona yaro ko ta yar da tsoho, wa zai biya: mai ita, ko maƙerinta, ko mai sarrafa ta daga nesa? Hukuncin raƙumar Bara'u bn Azib a Muwaɗɗa, wanda ya raba nauyin tsaro tsakanin masu gona da masu dabba, mafari ne mai kyau na ƙiyasi, amma dabba ba ta karɓar umarni daga kamfani.

Ta huɗu, haƙƙin wanda aka sallama. Wannan ba ta jiran isowar kowace na'ura. Yarjejeniyar aiki bayyananniya, lada a hannun mai aikin, lokacin hutu da karatu, da barin ɗaukar ƙananan yara aikatau, duk abubuwa ne da mumbari zai iya kira gare su a wannan Juma'ar.

9.0 Kammalawa

Klara and the Sun littafi ne da ya cancanci ɗaliban addini su karanta, musamman masu nazarin aƙida da maƙasidin shari'a. Ya zana hadimin da ba ya bin kowa haƙƙi da gwaninta, ya kuma nuna yadda baƙin ciki ke buɗe wa mai sura ƙofa. Rauninsa shi ne ya kasa samo wa mutum darajar da ba ta rataya ga ra'ayin mutane ba, kuma wannan rauni ne ya sa ya manta da Melania. Lokacin da Nana Faɗima (RA) ta nemi hadimi saboda wahalar niƙa, mahaifinta (SAW) ya koya mata da mijinta tasbihi a lokacin kwanciya, ya sanar da su cewa ya fi musu hadimi alheri. Hadisin bai haramta neman taimako ba, amma ya sa sauƙin jiki a matsayinsa, ƙasa da gyaran zuciya. Hukuncin mutum-mutumi zai zo a lokacinsa, kuma wajibi ne a fara shirya masa. Wanda zai fi cancantar yin wannan fatawa shi ne malamin da ya riga ya tambayi halin da yarinyar da ke ɗakin bayan gidansa take ciki. Allah ne Mafi sani.